Tsuntsayen Bakin Teku a Hunturun Ingila: Kallonsu, Ɗaukar Hotonsu da Haƙƙinsu a Kan Mai Kallo



GABATARWA

Bahaushe bai jahilci ƙaurar tsuntsaye ba. Manomi ya san in shamuwa ta sauka a kan tsamiya ko kukar bakin gari, to, damina ta kawo kai, in kuwa kaka ta yi sai a neme ta a rasa. Abin da bai cika tambaya ba shi ne inda takan tafi, da abin da takan ci a can, da kuma abin da zai same ta in ta je ta tarar masaukinta ya lalace. Irin waɗannan tambayoyi su suka haifi wani fannin ilmi wanda rabinsa yana jami'a, rabinsa kuwa yana hannun mutanen gari, watau malaman makaranta da akawuna da likitoci da 'yan fansho, waɗanda kan rataya madubin hangen nesa da kyamara ranar hutu, su nufi bakin teku cikin tsananin sanyi domin kallon tsuntsaye.

Wannan lacca za ta bi sawun irin waɗannan mutane zuwa wani wuri guda a gabashin Ingila. Manufarta ita ce ta nuna cewa tsuntsun bakin teku yana cin hunturu ne da ɗan guzuri ƙalilan, kuma mai kallo, gwargwadon saninsa da ladabinsa, ko dai ya zama shaidan da zai tsaya wa tsuntsun, ko kuwa ya shiga cikin masu cinye masa guzurin.

WURIN DA LOKACIN

Wurin da ake magana a kansa shi ne Wash, wani makeken mashigin teku tsakanin lardin Norfolk da na Lincolnshire, inda koguna huɗu, watau Witham da Welland da Nene da Great Ouse, suke juye ruwansu cikin teku. A gefensa na gabas akwai ƙauyen Snettisham, inda aka haƙi tsakuwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu domin gina filayen jiragen sama. Ramukan da aka bari sun cika da ruwa, sun zama tafkuna a bayan tudun da ke tare teku, yanzu kuwa suna hannun ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila wadda ake kira RSPB.

Wanda ya tashi nesa da teku yana bukatar a yi masa bayanin abu guda kafin a ci gaba, shi ne cikowar teku da janyewarta. Ƙarfin jan wata, tare da na rana, yakan sa ruwan teku ya ciko sau biyu, ya janye sau biyu, a cikin kwana guda da 'yan mintoci. Tsakanin cikowa da cikowa akwai wajen awa 12 da minti 25, saboda haka kullum lokacin yakan ja baya da kusan minti 50, kamar dai yadda fitowar wata kan yi. Cikowa mafi girma takan zo kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata da kuma bayan cikarsa. Ashe ke nan wanda ya saba da lissafin kwanan wata ya riga ya riƙe mabuɗin al'amarin.

In ruwa ya janye a Wash yakan bar fili na taɓo da rairayi mai nisan kilomita da dama, har mai tsaye a kan tudu ya kasa hango teku. Ga ido, fili ne fayau wanda babu komai a cikinsa. Amma a ƙarƙashin taɓon akwai tsutsotsi da ƙananan dodon-koɗi da halittu masu ɓawo biyu irin ƙumbar kogi, ba su ƙidayuwa. Wannan shi ne rumbun da ke ciyar da tsuntsayen ruwa fiye da 300,000 a lokacin hunturu, abin da ya sa babu mashigin tekun da ya kai Wash yawan tsuntsaye a duk Birtaniya.

Hunturun can kuwa ba irin na ƙasar Hausa ba ne. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8 na safe, ta kuma faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma. Iska mai ɗauke da danshi tana busowa daga teku, wani lokaci ruwan da ke saman taɓo ya daskare ya zama ƙanƙara.

BAƘIN HUNTURU

Da yake yawancin tsuntsayen nan ba su da suna a Hausa, za a faɗi yadda Turawan Ingila ke kiransu, sa'an nan a laƙaba musu suna bisa ga kamanninsu.

Na farko shi ne wanda suke kira knot, a nan kuwa ɗan-toka, domin a hunturu launinsa toka-toka ne, sai lokacin ƙwai yake rikiɗa ya yi ja kamar jar ƙasa. Bai kai tantabara girma ba, nauyinsa wajen giram 140 ne. Waɗanda ke cin hunturu a Wash a Girinlan da tsibiran arewacin Kanada suke yin sheƙa, su keto teku zuwa Turai in sanyi ya gabato. Ɗan-toka yakan haɗiye ƙumba da ɓawonta, ya niƙe ta a cikin ƙundu. Daɗin daɗawa, masana a Holan sun gano cewa a ƙarshen bakinsa akwai wasu jijiyoyi masu jin matsin ruwan da ke cikin rairayi, har yakan gane akwai ƙumba a kusa tun bai taɓa ta ba. A watan Oktoba na 2020 an ƙiyasta 'yan-toka wajen 140,000 a Snettisham a lokaci guda.

Na biyu shi ne oystercatcher, watau jan-baki, tsuntsu mai baƙi da fari, mai kaurin baki wanda yake fasa manyan ƙumba da shi. Na uku shi ne curlew, watau lanƙwasau, babba a cikinsu, mai dogon baki lanƙwasasshe wanda ke kai wa tsutsar da ta yi nisa cikin taɓo. Akwai kuma redshank, watau ja-ƙafa, mai saurin firgita da yawan kuka, wanda kan tona asirin duk wanda ya matso. Kowane baki da zurfin da yake kaiwa, saboda haka suke ci a akushi ɗaya ba tare da sun ƙwace wa juna ba.

Sai kuma godwit mai zane a wutsiya, wanda danginsa na wani ɓangaren duniya suka nuna iyakar abin da fiffike zai iya. A 2022 wani ɗan wata biyar da aka maƙala wa na'ura ya tashi daga Alaska, bai sauka ba sai a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, bayan kwana 11 da tafiyar kilomita 13,560, ba ci ba sha. Banda waɗannan akwai dinyoyi masu ƙafa ruwan hoda daga Aisilan da Girinlan, masu kwana a kan taɓon Wash, su tashi da asuba sahu-sahu su nufi gonaki inda suke kalar ragowar wani tushe da Turawa ke yin sukari da shi.

YADDA AKE FITA KALLO

Gwanin kallo ba ya barin gida sai ya duba jadawalin cikowar teku. A Wash babbar cikowa takan faɗo da sassafe ko da yamma, saboda haka a hunturu sau da yawa cikin duhu ake fara tafiyar, a bi tudun bakin teku a ƙasa har a isa inda ake tsayawa, awa ɗaya ko fiye kafin ruwa ya cika. Mutum yakan sa tufafi masu kauri marasa ƙyalli, ya riƙe madubin hangen nesa da ɗan littafin rubutu da fensir, domin biro kan ƙi rubutu in takarda ta jiƙa.

Daga nan sai jira. Ruwa yakan fara malalowa ta cikin 'yan kwazazzabai, yana cin filin kaɗan kaɗan, tsuntsaye suna ja da baya a ƙasa suna ci, suna ƙara matsuwa wuri guda, har taɓon ya yi kamar an shimfiɗa masa bargo mai motsi. In ruwa ya cinye saura, ko kuwa shaho ya kawo farmaki, sai dubbai su tashi gaba ɗaya, su dunƙule su warware kamar hayaƙi. In sun juya baya garken ya yi duhu, in sun juya ciki ya yi fari fat. A ranakun babbar cikowa sukan tsallake tudu a kan mutane, har a ji shuuu ɗin fikafikansu, su sauka a bakin tafkunan nan, su jira ruwa ya janye.

Gane tsuntsu daga nesa aiki ne na lura. Mai kallo yakan duba girmansa in an gwada da na kusa da shi, da tsawon baki da siffarsa, da launin ƙafa, da yadda yake cin abinci, ko yana gudu yana tsayawa ne, ko yana caka baki kamar keken ɗinki, sa'an nan ya saurari kukansa. Abin da ya gani ya rubuta nan take, tare da kwanan wata da lokaci da yanayin iska. Abin da bai tabbatar ba kuwa ba ya ba shi suna.

ƊAUKAR HOTO

Tarihin ɗaukar hoton tsuntsaye tarihin neman kusanta ne ba tare da an firgita su ba. Wasu 'yan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, sun fitar da littafi a kan sheƙunan tsuntsayen Birtaniya a 1895, wanda aka ƙawata shi da hotunan kyamara zalla. Domin su matsa kusa, har sa suka yi aka ɗinka musu fatar sa a kan katako, mutum ya shiga ciki da kyamara yana leƙe ta ƙirji. Maharbin Hausa da ke ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe cikin ciyawa ba zai yi mamakin wannan dabara ba. Emma Turner ta ɗauki hoton ɗan wani tsuntsun fadama dangin zalɓe a Norfolk a 1911, hoton da ya tabbatar da cewa irinsa ya komo yin sheƙa a ƙasar bayan an ɗauka ya ƙaura. A 1924 kuma ta zama mai gadin tsuntsaye a tsibirin Scolt Head a wannan gaɓa. Eric Hosking, wanda mujiya ta tsone wa ido ɗaya a 1937 yana bakin aikin hoto, ya yi suna da hotunan tsuntsayen taɓo da yakan ɗauka a tsibirin Hilbre, inda yakan shiga 'yar bukkar ɓuya tun ruwa na nesa, ya bari teku ta koro masa su.

Wannan dabara ta Hosking ita ce ginshiƙin sana'ar har yanzu: kada ka je wa tsuntsu, ka san inda ruwa zai kawo shi, ka riga shi zuwa, ka zauna. Saura duk bayani ne na kayan aiki. Ana bukatar dogon gilashin kyamara, mai milimita 400 ko fiye, da ƙafafu uku na ɗora ta saboda iska. Tsuntsu mai tashi yana son ƙiftawar kyamara ta kai kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ko ta fi haka sauri, in ba haka ba fiffike ya fito dishi-dishi. Hoton da aka ɗauka daga ƙasa, daidai da idon tsuntsu, ya fi wanda aka ɗauka daga tsaye kyau nesa ba kusa ba. Ranar hunturu ba ta yin sama sosai, haskenta mai taushi ne, in mutum ya ba ta baya yakan sami launi mai kyau. Farin gashi yana saurin ƙonewa a hoto, saboda haka akan rage haske kaɗan in jan-baki ake ɗauka. Sanyi yana shanye batir, gishiri da rairayi kuwa abokan gabar kyamara ne, dole a goge ta in an koma gida.

TSADAR TASHI ƊAYA

A nan ne maganar haƙƙi ta shigo. Tsuntsun taɓo ba shi da ikon ci sai ruwa ya janye, ko da rana ko da dare. Jikinsa ƙarami ne, zafinsa na saurin fita, kitsen da ya tara kuwa na 'yan kwanaki ne. In ruwa ya cika yakan tsaya da ƙafa ɗaya, ya fuskanci iska, ya cusa baki cikin gashin baya, duk domin tsimin zafin jiki. Tashi sama yana cin ƙarfi ninki da yawa a kan tsayuwa. Saboda haka duk sa'ad da kare ya yi kansu, ko mai hoto ya matsa don su tashi ya sami hoton fikafikai, an ciri wani abu daga guzurin da za su kwana da shi. Mutum ɗaya yana ganin sau ɗaya ne kawai ya tashe su, ya manta cewa a ranar hutu mutum nawa ne za su bi wannan hanya bayansa.

A shekara mai sauƙin sanyi tsuntsu yakan rama abin da ya rasa. A shekara mai tsanani kuwa ba ya ramawa. A watan Fabrairu na 1991 an yi sanyin da ya daskarar da taɓon Wash, aka riƙa tsintar gawarwakin tsuntsaye a bakin ruwa, ja-ƙafa ne suka fi yawa a ciki. Wannan ya sa masu kallo suka ɗora wa kansu ƙa'idoji: a bi hanyar da aka shata, a ɗaure kare, kada mutum ya tsaya cirko-cirko a kan tudu inda za a hango shi, in kuma tsuntsaye suka daina ci suka ɗaga kai, to, an matso da yawa, sai a ja baya. Doka ma ta sa baki, domin dokar kare namun daji ta Birtaniya ta 1981 ta hana damun wasu irin tsuntsaye a sheƙarsu, ko da don hoto ne, sai da lasisi. Ita kanta RSPB asalinta ke nan, don kuwa Emily Williamson ta kafa ta a Manchester a 1889 domin yaƙi da kashe tsuntsaye don a yi wa hulunan mata ado da gashinsu, har majalisa ta hana shigo da irin wannan gashi a 1921.

DAGA KALLO ZUWA ƘIDAYA

Amfanin mai kallo ya wuce ƙin cutarwa. A da Turawa ba su san inda tsuntsayensu ke tafiya ba. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus da mashin Afirka soke a wuyanta, har yanzu tana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Hans Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa. A 1959 Clive Minton da abokansa suka kafa ƙungiyar sa zobe ga tsuntsayen Wash, wadda aikinta ya taimaka wajen gano hanyoyin da aka ambata ɗazu. Yanzu akan ƙara zobba masu launi da 'yan tutoci masu haruffa, waɗanda kyamara ke iya karantawa daga nesa, saboda haka hoton ɗan koyo ma yana iya zama hujjar ilmi.

Har ila yau, masu aikin sa kai suna ƙirga tsuntsayen ruwa wata-wata a Birtaniya, kuma tun 1967 ake yin ƙidayar ƙasa da ƙasa a tsakiyar Janairu. Ma'aikacin gwamnati ya lura da inda waɗannan alkaluma suke ƙarewa. Yarjejeniyar da aka ƙulla a Ramsar ta ƙasar Iran ranar 2 ga Fabrairu 1971 tana ɗaukar wuri mai muhimmanci ne ga duniya in yana tara tsuntsayen ruwa 20,000, ko kashi 1 cikin 100 na wani iri. Ba a cika wannan sharaɗi da baki sai da ƙidaya. Da ita Wash ya shiga jerin a 1988.

Wash ya sha ƙetare rijiya da baya. A shekarun 1970 gwamnati ta yi shawarar datse wani sashensa don tara ruwan sha, har aka gina wani zagayayyen tudu na gwaji a cikin teku a 1975, kafin a watsar da shirin saboda tsada da kuma gishirin da ya ƙi barin ruwan. A shekarun 1990 kuwa ƙumba ta yi ƙaranci bayan an yi ta kwasarta don sayarwa, jan-baki suka yi ta mutuwa da yunwa, 'yan-toka suka ragu. Alkaluman masu ƙidaya da masu zobe su suka nuna haka. A Holan irin wannan hujja ta taimaka aka hana kwasar ƙumba da inji a tekun Wadden daga 2005.

Wani lokaci kuma hoto shi kaɗai yake saura. Akwai wani lanƙwasau mai siririn baki wanda ganinsa na ƙarshe da babu gardama a kansa shi ne a Merja Zerga ta ƙasar Maroko a watan Fabrairu na 1995. A 2024 masana suka ba da sanarwar cewa irinsa ya ƙare a duniya.

KAMMALAWA

Hanyar tsuntsayen nan ba ta tsaya a Turai ba. Wasu 'yan-toka masu sheƙa a Saberiya a gaɓar Banc d'Arguin ta Muritaniya suke cin hunturu. Wani bincike da aka buga a 2016 ya nuna cewa ɗumamar yanayi a arewa tana sa 'ya'yansu su tashi da ƙaramin jiki da gajeren baki, su zo Afirka su kasa kai wa ƙumbar da ta yi zurfi. Wasu tsuntsayen taɓo da agwagin ruwa na Turai da Saberiya kuwa Sahara suke ƙetarowa, su sauka a fadamun Haɗejiya da Nguru da tafkin Cadi, su tarar da kirinjijiya da dinya da zakaran ƙeƙuwa. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko da Nijeriya ta sa a jerin Ramsar, a 2000. Yawan ruwan da ke malala a fadamun nan ya ragu bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kuma ruwan da tsuntsu ke nema shi ne dai wanda masunci da manomin shinkafa da makiyayi suke nema.

Saboda haka ɗalibin da ya ji wannan bayani ba sai ya je Ingila ba kafin ya fara. Littafin rubutu da fensir sun isa, in an sami madubin hangen nesa ya ƙara kyau. Ya zaɓi tafki ɗaya ko fadama ɗaya, ya riƙa zuwa wata-wata, ya zauna nesa, ya ƙirga, ya rubuta kwanan wata. Ma'aikacin da takardar madatsa ko ta rabon fili za ta bi ta teburinsa kuwa, ya nemi a kawo masa irin waɗannan alkaluma kafin ya sa hannu.